Ba Ɗebewa Sai Ta Yi Famfara

Ni mace ce mai son tsari, har maigidana kan ce in aka biye mini, atishawa ma sai na sa mata rana. Duk dogon hutu, kafin a koma makaranta, nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu a Birnin Kudu, in ɗauki shekarar 'yan aji ɗaya in yanka ta gida uku. Lissafin ƙananan yara ginin ƙasa ne, sai sahun ƙasa ya sha iska ake ɗora na sama.

Zangon farko ƙirga nake sawa, da rubuta lambobi, shi ke nan. Dalili kuwa lokacin kaka ne. Yau yaro yana aji, gobe yana gona ana roron wake ko tsinkar gyaɗa, dole ka sa abin da za a yi ta maimaitawa, wanda ya dawo ya tarar. Zango na biyu lokacin sanyi ne, amfani ya shiga rumbu, kowa yana nan, ciki a ƙoshe. Nan nake zuba masu nauyin, tarawa, sannan ɗebewa a bayanta nan da nan, don wa da ƙani ne, ba a raba su. Zango na uku kuwa zafi ne da ruwan shuka, rabin aji barci rabi gona, sai in bar masa masu sauƙi, su da'ira da murabba'i, awo da taƙi, ranakun mako, fuskar agogo. Haka na yi shekara da shekaru, ban taɓa barin wani ya taɓa mini wannan jeri ba, ko da hedimasta ne.

Sai aka mayar da ni wata makaranta a wani ƙauye tsakaninmu da Gwaram, inda mota kan ajiye ni a bakin titi, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Ajin ɗaki ne mai tagogi ba murafu, yara a kan tabarmi, ga wata tsohuwar tsamiya a bakin ƙofa. Ita ke ba mu 'ya'yan da muke ƙirga da su.

Da ƙirgarsu ta fara kama ƙasa, sai na shiga abin da na saba, in ta da yaro ya bi layi yana nuna 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Na farko ya ƙirga layin gaba, ya zarce ƙirgata da ɗaya. Na ce ya sake. Ya sake, ya zarce da ɗaya. Na ce kai zauna, kanka na gonar gyaɗa. Na ta da wata, ita ma haka. Na uku na bi yatsarsa da ido. Ya nuna wata siririyar yarinya a gefen taga ya ce shida, ya nuna tabarma kusa da ita, wurin da ba kowa, ya ce bakwai, ya wuce abinsa.

Na ce, “Wa ka ƙirga a nan?”

Ya ce, “'Yar'uwarta.”

Bai yi dariya ba, ba kuma wanda ya yi. Na duba wurin. Fili ne daidai zaman yaro guda, a ajin da ake zaman gwiwa a kan gwiwa, amma ko bakin zane ba wanda ya bari ya faɗa ciki. Yarinyar ta ɗago ta dube ni da idanu manya, ta mayar da kai ƙasa. A gabanta 'ya'yan tsamiya kashi biyu ne, ɗaya nata, ɗaya a gaban filin. Duk aikin da na bayar sau biyu take yi, ta gama nata, ta miƙa hannu ta yi na gefe.

Washegari da aka tashi, rana tsaka, ina tattara alli, sai na ji sallama. Wata tsohuwa ce tsaye a ƙarƙashin tsamiyar, ta ƙi shigowa. Na fita muka gaisa, ta ce ita ce kakar yarinyar nan ta gefen taga.

Ta ce, “Malama, an ce mini a ajin nan akwai ranar da ake tsayar da yara biyu, a janye ɗaya, a tambayi saura nawa.”

Na ce, “Ɗebewa ke nan, Inna. Sai bayan hutu, cikin sanyi.”

Ta ce, “To ita na zo roƙo a kai.”

Ta zauna a kan saiwar tsamiya ta ba ni labari, muryarta ƙasa-ƙasa. Yarinyar 'yar tagwaye ce. Suna 'yan shekara uku ƙyanda ta kwantar da su tare, ɗaya ta tashi, ɗaya ba ta tashi ba. A gidansu, tun kaka da kakanni, ba a gaya wa ɗan tagwaye cewa ɗan'uwansa ya mutu sai ya yi famfara, haƙorin nono ya faɗi. In ya sani kafin nan, in ji ta, wancan zai kira shi ya bi. Saboda haka aka ce wa yarinyar 'yar'uwarta tana Gwaram wurin gwaggo, tana nan zuwa. Duk ƙauyen ya riƙe maganar, babba da yaro.

Na ce, “Inna, rai da mutuwa na Allah ne. Kuma lissafi ne kawai, da 'ya'yan tsamiya. Ina ruwan 'ya'yan tsamiya da tagwaye?”

Ta ce, “Na sani, Malama, ni ma ina sallah. Amma ba ki san yarinyar nan ba. In kika nuna mata hanya, ita za ta ƙarasa da ƙafarta. Ni na wanke ɗayar da hannun nan. Ki dakata mini har haƙorin ya faɗi.”

Na so in ce mata camfi ne, kalmar ma ta zo bakina. Sai na dubi hannun da ta ɗaga, na haɗiye. Na ce zan duba.

Na kai wa hedimasta maganar, dattijo ne ɗan yankin, mai yawan murza carbi. Ya saurara har na gama, ya ce, “Malama, tsarinki ne, ki juya shi yadda kika ga dama. Abu ɗaya zan gaya miki, jarrabawar ƙarshen shekara ba ta san haƙori ba.” Na tambaye shi ko shi ya yarda da maganar. Ya ce shi dai bai taɓa taka filin nan na kusa da yarinyar ba in ya shiga ajin, ya ci gaba da jan carbinsa.

Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ni da na yi karatun koyarwa, a ce haƙorin yarinya ne zai tsara mini shekara? Amma cikin hutun na zauna na warware jerina, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ɗauko siffofi da awo da agogo daga zango na uku na cusa su cikin sanyi, lokacin da ya fi kowane daraja, na tura ɗebewa can gaba. Na ce wa kaina ai 'yar shekara shida ce, haƙori ba zai wuce wata ɗaya ko biyu ba.

Muka shiga tarawa. Ranar ɗaya da ɗaya ita ce ranar farko da na ji muryarta da ƙarfi. Kafin in rufe baki ta ce biyu, ta juya gefenta ta yi murmushi irin na wanda aka yaba wa tare da wani. Na bi bakin da kallo. Haƙora fari fat, a jere, ba wanda ya nuna alamar motsi.

Daga nan kallon bakinta ya zama mini aiki. Ajin kuwa famfara ake yi kamar an yi shawara. Kowace safiya sai wani ya zo da giɓi, yana rufe baki da hannu kada ƙadangare ya gani haƙorin ya ƙi fitowa. Ita ko gezau. Nakan ƙirƙiro dalilin sa ta magana, in ce ta ƙirga da ƙarfi, in ce ta yi mana waƙar ranakun mako, duk don in leƙa. Har goruba na riƙa sayo mata a bakin titi in ce ta gwagwiya. Sai ta karɓa da hannu biyu, ta gwagwiyi gefe ɗaya, ta ajiye sauran a kan tabarma kusa da ita. In aka tashi ba na ganin gorubar, ban kuma taɓa ganin wanda ya ɗauka ba. Na san yara da kwaɗayi, kada a ce na ce wani abu.

Da muka zo awo da taƙi na sa su auna tabarmar gaba. Yaro zai taho yana taƙi yana ƙirgawa, in ya iso filin sai ya ɗaga hannu sama ya tsallake, kamar mai ƙetare cinyar mutum, ya sauke a ɗaya gefen. Duka haka suka yi. Wata rana kuma ina zagaya aji ina duba alluna, hankalina na kan wani mai rubuta uku a kife, sai na ji ajin ya yi tsit. Irin shirun da har kana jin kukan kurciya daga kan tsamiya. Na duba ƙasa, ƙafata na tsakiyar filin.

Yarinyar ta ce, a hankali, “Malama, kin taka mata ƙafa.”

Na janye da sauri na ce, “Yi haƙuri.” Sai da na koma gaban allo na tuna ba yarinyar na duba ba lokacin da na faɗa. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina a zuci. Tun daga ranar nake kewaye wurin kamar kowa.

Akwai makon da ciwon ido ya hana ta zuwa. Na ce to yau dai ƙirga za ta fito daidai. Na shiga na tarar sun bar wurin mutum biyu. Na tambayi ta kusa, ta ce ai in ɗaya ba ta zo ba ɗayar ma ba ta zuwa. Ranar ce kaɗai a shekarar ƙirgarsu ta yi daidai da tawa, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, muka dawo zango na uku. Na ƙare siffofi, na ƙare agogo, na maimaita tarawa har yaran suka fara yi mini hamma a fuska. Ruwan shuka ya sauka, aji ya fara raguwa. Sai ga haƙori ɗaya na ƙasa ya fara girgiɗi. Wallahi na yi murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Kullum da safe sai in ce ta taɓa shi da harshe in gani. Yana lilo, ya kwanta gaba ya kwanta baya, amma ya ƙi faɗuwa. Tsohuwar kan tare ni a hanya ta ce, “Ya kusa, Malama.” In ce Allah ya sa. Na taɓa ce mata a ɗaura zare a fizge mana mu huta, ta ce a'a, sai ya faɗi don kansa.

Makonni suka yi ta zubewa, jarrabawa ta matso. Na rasa barci mai daɗi. Ga yara cike da aji, 'ya'yan mutane, za su shiga aji biyu ba su san a cire ɗaya daga uku ba, kuma na san malamin aji biyu ba zai koma baya saboda su ba, haka za su yi ta ɗingishi har su gama. Ga kuma yarinya guda da tsohuwa ta ce ranta na rataye da haƙori. Ban yarda da maganar ba, amma kuma tsoronta nake ji, biyun duka a cikina.

Sai na yi dabara, a ganina. Na shirya da hedimasta, in lokacin lissafi ya yi sai in aiki yarinyar ofishinsa ta jera masa littattafai. Ofishin na can ƙarshen ginin. Na kuma ce ba zan tsayar da yara ba, da 'ya'yan tsamiya kawai za mu yi. Ranar farko lafiya, ta biyu lafiya. Abin da ban lissafa ba shi ne 'yan aji ɗaya ba su iya koyon abu a hankali ba, sai sun rera shi da iyakar ƙarfinsu, ga tagogi ba murafu.

A rana ta gaba ina tsaye da 'ya'yan tsamiya biyu a tafin hannu. Na ɗauke ɗaya na dunƙule a ɗaya hannun, aji ya ɗauka baki ɗaya, biyu a ɗebe ɗaya saura ɗaya. Suka sake. A karo na uku muryoyin suka riƙa mutuwa daga gefen taga, layi bayan layi, har ya rage yaro guda a baya yana rerawa shi kaɗai, shi ma ya yi shiru. Yarinyar ce tsaye a waje, haɓarta a kan dakalin taga. Ban san tun yaushe ba.

Ta zagayo ta shigo, ba ta nufi wurin zamanta ba, ta zo gabana ta tsaya tana kallon tafin hannuna.

Ta ce, “Malama, wanne ne ya saura?”

Na ce, “Ɗaya ya saura.”

Ta ce, “Wanne?”

Na dubi ƙwayar da ke hannuna. Baƙa ce mai sheƙi, ba abin da ya raba ta da wadda na dunƙule. Na ce, “Kowanne ne, ai duk ɗaya ne.”

Ta girgiza kai. Ta je ta zauna, ta tattara kashin 'ya'yan tsamiyar da ke gaban filin ta zuba cikin nata, ta haɗa hannu a cinya. Har aka tashi ba ta ƙara ɗago kai ba, ni kuma ban san abin da na koyar ba a sauran ranar.

Ana tashi na bi ta gidansu. Hadari ya haɗu ta gabas, gari ya yi duhu-duhu da rana tsaka, ko iska babu. Na tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsinkar zogale, uwar yarinyar na bakin ɗaki da tire a cinya. Ban taɓa ganin uwar ba sai ranar. Na zauna na faɗi abin da ya faru tun daga farko, ban rage ba. Da na zo kan tambayar, uwar ta ajiye tiren ta shige ɗaki ta saki labule.

Tsohuwar ta ajiye zogalen. Sannan ta ce, “Haka ta ce? Wanne?”

Na ce haka ta ce.

Ta ce, “Malama, akwai abin da ban gaya miki ba. Kamarsu ɗaya sak. Da zare muke gane su, ja a hannun babbar, baƙi a hannun ƙaramar. Da ƙyandar ta feso, fatar ta ƙi zaren, na kwance duka biyun da hannuna. A tabarma ɗaya suke kwance, an aske kansu, fuska ta kumbura, muna ta juya su muna ɗagawa. Da ɗaya ta cika, muka dubi juna ni da uwarsu. Wadda ta rage ta yi watanni ba magana. Da bakin ya buɗe, in ka kira sunan babbar ta amsa, in ka kira na ƙaramar ta amsa. Mun ce kafin ta yi famfara Allah zai nuna mana. Bai nuna ba.”

Sai muka ji motsi ta bayan rumbu. Yarinyar ce ta fito, jini a leɓenta na ƙasa har haɓa, hannunta a dunƙule. Ta zo gaban kakarta ta buɗe. Haƙorin ne, da guntun zare a ɗaure.

Ta ce, “Kaka, kowa bakina yake kallo. Ga shi ya fita. Ba ta Gwaram, ko?”

Tsohuwar ta ce, “Ba ta Gwaram.”

“To ni ce wace?”

Tsohuwar ta jawo ta jiki tana goge mata jinin da gefen mayafi. Ta dube ni kamar ni malama zan san amsa, na sunkuyar da kai. Sai ta ɗago fuskar yarinyar da hannu biyu, ta kira sunan babbar, a hankali, ta jira. Yarinyar na kallonta. Ta kira sunan ƙaramar, ta jira. Daga cikin ɗaki na ji uwar ta fashe da kuka.

Ba ta bi 'yar'uwarta ba, alhamdu lillahi. Na yi kwanaki ina zuwa makaranta da fargabar abin da zan tarar, kullum in same ta zaune. Ta rubuta jarrabawa, ɗebewa ba ta faɗi ko ɗaya ba. Na yi shekaru a makarantar ina ganinta tana girma har ta gama aji shida. Amma tun daga ranar nan, a gida da makaranta, in kana son ta sai dai ka je ka taɓa kafaɗarta. Ba ta ƙara amsa ko ɗaya daga sunayen biyu ba.